Hantsakin leza haɗin gida a Damagaram: littafin aiki

16 ga Nuwamba 2024

Abin da muke haɗawa na'ura ce da ke kama ɗan ƙwallo mai faɗin mikron 2 ko 3 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) cikin ruwa da hasken leza kaɗai, ta ɗauke shi ta kai shi inda ake so. Idan an shafe bayan ƙwallayen da molekul iri biyu masu kama juna, sai a dinga jera su ɗaya bayan ɗaya. Arthur Ashkin ne ya fara nuna cewa haske na iya tura irin waɗannan ƴan ƙwallaye, a Bell Labs cikin 1970. A 1986 shi da abokan aikinsa suka kama ƙwallo da zaren haske guda tak, kuma a 2018 aka ba shi kyautar Nobel a kan haka yana da shekara 96.

Gara a faɗi iyakar aikin tun yanzu, don kada wani ya ɗauka za a ɗauko zarra ɗaya a manna wa wata. An yi hakan a Jami'ar Harvard a 2018, inda aka haɗa zarrar sodiyom ɗaya da ta siziyom ɗaya suka zama molekul, amma a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska ƙaf, da sanyin da ya kusa kai ƙarshen sanyi. Wannan ba aikin ɗaki ba ne a Birni ko Zango. Namu leza riƙo kawai zai yi, ɗaurin kuwa na biotin da streptavidin ne, molekul biyun nan masu kama juna.

Kayan da ke hannu: mikroskop tsoho irin na duba jinin zazzaɓin cizon sauro, da objektif ɗinsa (lens ɗin da ke daf da abin da ake dubawa) na mai, 100x, buɗin lamba 1.25 (ma'aunin faɗin kusurwar hasken da yake tarawa), tsawon bututu milimita 160. Sai matattun na'urorin rubuta DVD daga wajen masu gyaran kwamfuta a Kasuwar Dole, da gawar majigi mai LCD, da kyamarar Raspberry Pi HQ. A cikin duka, objektif ne ba ya da madadi. Wanda buɗinsa ya yi ƙasa da yawa zai ja ƙwallo zuwa tsakiyar haske, amma ba zai hana hasken tura shi gaba ba.

24 ga Nuwamba

An ciro diyod, ƴar na'urar da ke fitar da hasken leza. A kan keken DVD, wato sashen da ke ɗauke da lens yana kai-komo a ƙarƙashin faifai, akwai guda biyu, ja mai tsawon zango kusan nanomita 660, da na CD mai 780 wanda ido ba ya gani sosai. Na CD ɗin ya fi haɗari, domin mutum zai ga ɗan ja-ja ya zaci ba ƙarfi. A ware shi gefe. Na'urar da ke karanta DVD kawai ba ta da amfani, diyod ɗinta ƴan miliwat ne. Sai mai rubutawa, 16x zuwa sama.

Iskar hunturu ta bushe, jiki na tara wuta, kuma tartsatsin da yatsa bai ma ji ba ya isa ya kashe diyod. Kafin a cire dalmar, a haɗe ƙafafunsa da siririyar waya, a bar ta har sai an gama ɗaura shi a da'ira. Diyod ɗin da ya mutu ta wannan hanya yakan ci gaba da haske kamar ƙaramin LED, shi ya sa yake ruɗin mutane.

Da'irar ba ta da wuya. LM317 ne aka ɗaura don ya tsayar da yawan wutar da ke wucewa: a raba 1.25 da girman rezista, a sami amfiya. Mun sa guda huɗu na rabin wat a kan makunni mai zaɓi. Om 15 na ba da mA 83, om 12 na ba da 104, om 10 na ba da 125, om 8.2 kuma 152. Kondensa mai µF 10 a kan ƙafafun diyod, da 1N4001 a juye kusa da shi. Batir 18650 biyu a jere ke ciyar da ita, ba wutar bango ba, saboda tsallen da wuta ke yi idan ta dawo bayan ɗaukewa. Ba a juya makunnin zaɓi sai an kashe.

Kafin a sa diyod na gaskiya, a gwada da na ƙarya: 1N4001 huɗu a jere da rezista mai om 1. Milibolt ɗin da mita ta nuna a kan rezistan shi ne miliamfiya. Bayan gwajin a sauke cajin kondensa da waya. Wanda ya manta da wannan, kondensa zai juye wa diyod cajinsa gaba ɗaya a taɓawar farko.

Maganar ido kuma babu sassauci. Wannan leza na rukunin 3B ne, ƙyallinsa daga kan agogo ko zobe ya isa ya ƙona tantanin ido kafin a ƙifta. Tabarau mai OD 4 (mai rage haske sau dubu goma) a nanomita 660 ga duk wanda ke ɗakin, baƙin tabarau na rana ko na masu walda ba ya maye gurbinsa. An cire maleƙin mikroskop ɗin gaba ɗaya an kulle a akwati, ta allon kwamfuta kaɗai ake kallo. Ƙofa a sakace, saboda yara.

1 ga Disamba

Auna ƙarfin haske, ba tare da mitar leza ba. Fotodiyod BPW34 na ba da kimanin amfiya 0.4 a kowane wat a wannan launi, amma ba ya ɗaukar hasken duka. Sai aka gitta lam mai tsabta, gilashin da ake ɗora samfur a mikroskop, a hanyar zaren, a karkace ƙasa da digiri 10. Fuskokinsa biyu na mayar da kusan kashi 8 cikin ɗari, wannan ne aka tara da ƙaramin lens a kan fotodiyod, da batir mai bolt 9 a juye.

Diyod ya fara zama leza a wajen mA 65. A mA 152 mita ta nuna mA 2.6, wato miliwat 80 ke nan bayan lens na farko. A mA 83 kuwa miliwat 17. Kuskuren wannan awo zai iya kai kashi 20 cikin ɗari, kuma duk lissafin ƙarfi da zai biyo baya ya gaji wannan kuskure.

Zaren ba zagayayye ba ne, kimanin milimita 2 ne ta gefe ɗaya, 4 ta ɗayan. Haka diyod yake fitar da shi.

14 ga Disamba

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne yawancin zanen da ake gani ke ɓatar da mai mikroskop irin namu. Zanen na cewa a faɗaɗa zaren da lens biyu a shigar da shi miƙe cikin objektif. Wannan na objektif na zamani ne. Na 160 an ƙera shi ne ya kafa hoto a milimita 150 daga kafaɗarsa, don haka zaren leza ma dole ya fito daga ɗigo guda da ke wannan nisa, yana buɗewa. Idan aka shigar da shi miƙe, tarkon, wato ɗigon hasken da ke riƙe ƙwallo, zai kafu a wani zurfi dabam da wanda kyamara ke gani, ƙwallo ya shiga ya ɓace daga allo.

Gyaran ya zo da sauƙi, har ya rage kaya. Lens ɗaya mai matattara milimita 60 ya wadatar. Yana tara zaren a ɗigo, zaren ya sake buɗewa cikin milimita 150, ya isa objektif ya ninka biyu da rabi: milimita 5 ta gajeren gefe, 10 ta dogon. Ramin bayan objektif kusan milimita 4.5 ne, kuma ana so haske ya cika shi har ya ɗan zuba. Dalili shi ne hasken da ke bi ta bakin lens, mai shigowa a karkace sosai, shi ke jan ƙwallo baya zuwa matattara. Na tsakiya turawa yake yi. Abin da ya zuba ta dogon gefe asara ce, kusan rabi, mun karɓe ta. Da asarar madubai da ta cikin objektif, abin da ke isa ruwa bai wuce miliwat 25 ba.

An cire kan mikroskop aka ɗora akwatin alminiyom. A cikinsa madubi mai tace launi daga majigin, wanda ke mayar da ja ya bar shuɗi da kore su wuce, a karkace digiri 45, milimita 60 sama da kafaɗar objektif. Kyamara ba lens, milimita 90 sama da madubin. Ɗigon leza milimita 90 a gefe. Majigi na da madubai irin wannan fiye da ɗaya, a gwada kowanne da jan haske kafin a yanka. A kuma tabbatar fuskar da aka shafa ce ke kallon leza, in ba haka ba ɗigo biyu za a gani. Fitilar ƙasa an canza ta da koren LED mai wat 3, gaban kyamara kuma an sa gilashi shuɗi-kore don tare ragowar ja.

Daidaitawa a mA 83 ake yi. A kwance objektif, a ɗaura kwali mai huda a tsakiya a gurbinsa, wani kwalin a kan kondensar fitila, wato lens ɗin da ke tara hasken fitilar ƙasa. Madubai biyu ne ke karkatar da zaren: na farko ke kai shi hudar sama, na biyu ke kai shi ta ƙasa, a yi ta komawa tsakaninsu har ya bi duka biyun. Sannan a mayar da objektif, a cire gilashin tare ja, a nemi hasken da ke dawowa daga fuskar lamel, siririn gilashin da ke rufe samfur. Idan ana hawa da sauka da dunƙulen saiti, zobban hasken su buɗe su rufe a wuri ɗaya. Idan suna zamewa gefe, zaren a karkace yake shiga. Idan gefe ɗaya ya fi haske, bai shiga ta tsakiya ba.

22 ga Disamba

Kamu na farko, da madarar shanu ɗanya. Ɗigo ɗaya cikin mililita 10 na ruwan allura daga kantin magani, don shi ne ruwa mafi tsabta da ake samu a gari. Abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir ba abin yarda ba ne, wani ma da asid a ciki. Ƙwayoyin kitsen madara daga mikron 1 zuwa 10 suke, kuma sun dace da mikroskop mai kallo daga sama domin tasowa suke yi zuwa lamel, inda tarko ya fi ƙarfi.

A allo, ƙwaya mai mikron 3 na rawarta a hankali, tana ɗan gaba tana ɗan baya. Da ta zo kusan mikron biyu daga ɗigon sai ta yi wuf ta faɗa ciki, kamar kaza ta hango tsaba, ta tsaya cak. Bakinta ya ɗan yi duhu saboda ta sauka ƙasa kaɗan da inda kyamara ke gani. Ana matsar da farantin da lam ke kai, sauran ƙwayoyi na wucewa ta gefenta, ita tana nan. Ana tare zaren da kwali, ta koma rawa.

Saukar nan turin haske ne. An gyara ta da matsar da lens na milimita 60 a kan layinsa: santimita ɗaya na motsa tarko mikron ɗaya da ɗan wani abu. Bayan matsarwa sai an sake duba cikar ramin objektif.

Yis na burodi ma ya kamu, sai dai yana nutsewa da sauri.

5 ga Janairu 2025

Matsaloli uku na ɗaki, babu wadda ta shafi leza.

Girgiza. Kabu-kabu ya wuce a lungu, hoto ya yi rawa. An zuba falalen siminti mai kilo 40, aka ɗora shi kan tiyub ɗin babur da aka hura rabi, aka ɗaure mikroskop da layin leza duka a kansa. Tiyub mai tauri ba ya shan komai. Wayar kyamara ma na ɗauko girgizar tebur, sai da aka manne ta a falalen aka bar mata sako-sako. Fanka a kashe lokacin awo.

Ƙura. Ƙwaya ɗaya a kan lens na sa zobba cikin zaren, a kan kyamara kuma baƙin tabo. An rufe layin da kwali da aka shafa wa baƙin fenti, ana share ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma ba tsintsiya ba. Lens ba a goge shi a bushe, ƙurar nan yashi ce, tana karce gilashi. A hura da robar hura iska tukuna.

Ƙafewa. Ɗakin ruwan da ake zuba samfur an haɗa shi ne da lam, da salatif mai manne biyu layi biyu, tsakaninsu milimita 5, da lamel mai kaurin milimita 0.17 a sama. Zurfinsa wajen mikron 90, yana cin mikrolita 10. Idan an bar bakunansa a buɗe a wannan iska, ruwa na ƙafewa ta gefe, sai a ga komai na gudu waje guda, har tarko ya saki. Jan farce na toshewa, amma ruwansa na shiga ciki. Basilin da kyandir rabi da rabi, a narka a shafa da tsinken ashana, ya fi.

19 ga Janairu

Ƙwallayen polistirin masu mikron 2, marasa shafi, sun iso ta Kano. Da su aka auna ƙarfin tarko.

Farko sai an san girman ɗigon hoto. Na kyamarar mikron 1.55 ne, a 100x zai zama nanomita 15.5, faɗin allo kusan mikron 63. An tabbatar da guntun CD-R da aka ɓare wa fatar sama da salatif, layukansa na tazarar mikron 1.6. Wasu fayafayan masu minti 80 sun fi matsewa, zuwa 1.5, don haka wannan ma'auni ma na da nasa rauni.

Dunƙulen farantin mikroskop ya yi gaggawa da yawa ga wannan aiki, taɓawa ɗaya ƙwallo ya fice. An ɗaura ma'aunin mikromita mai zaren milimita 0.5 yana tura farantin, roba na jan shi baya, ƙaramin mota 28BYJ-48 na juya shi. Rabin taku kusan 4096 ne a zagaye, kowanne mikron 0.12. Motar ba ta wuce zagaye 15 a minti, wato mikron 125 a daƙiƙa, kuma a cikakken ƙarfi wannan gudun bai isa ya fizge ƙwallo ba. Sai aka sauko mA 83, miliwat 5.5 a ruwa.

A mikron 10 ƙasa da lamel, ɗaki na digiri 25, ƙwallo na kuɓucewa a wajen mikron 80 a daƙiƙa. Jan ruwa bisa ƙa'idar Stokes shi ne 6π sau kaurin ruwa sau rabin faɗin ƙwallo sau gudu. Kaurin ruwa 0.89 mPa·s ne a wannan zafi, ya ba da pikonyuton 1.3 (pikonyuton ma'aunin ƙarfi ne ƙarami ƙwarai), a ƙara kashi 6 cikin ɗari saboda kusancin gilashi, 1.4. Iyakar abin da miliwat 5.5 ke iya turawa cikin ruwa pikonyuton 24 ne, don haka rabonmu 0.06. Masu kayan kamfani na samun ninkin wannan sau da yawa. A miliwat 25 muna sa ran pikonyuton 6 da rabi, ya ishi ɗaukar ƙwallo.

Zurfi na cin ƙarfi ƙwarai. Mai da gilashi na lanƙwasa haske da 1.515, ruwa 1.33, kuma duk yadda aka nutsa, hasken baki da na tsakiya na ƙara saɓa wa juna wurin taruwa. A mikron 30 tarko ya yi sanyi, a 50 tura ƙwallo kawai yake yi ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce a duba rawar ƙwallo cikin tarko. A raba kT, wato kuzarin rawar da zafi ke sawa, pikonyuton-nanomita 4.11 a digiri 25, da murabba'in faɗin rawar. Abin lura a nan shi ne tsawon lokacin buɗin kyamara. Ƙwallo na komawa tsakiya cikin ƴan milidaƙiƙa, in kyamara ta buɗe ido milidaƙiƙa 30 sai ta shafe rawar, lissafi ya nuna tarko mai ƙarfin da babu shi. An sa hoto 120 a daƙiƙa, buɗi milidaƙiƙa 1, LED a ƙure. Rawar ta fito nanomita 38 ta gefe ɗaya, 46 ta ɗayan, wato pikonyuton 2.8 da 1.9 a kowane mikron. Bambancin daga siffar zaren ne. Ƙwallon da ya manne a gilashi na nuna motsin nanomita 8, wannan na ɗaki ne da kyamara.

9 ga Fabrairu

Polistirin na da nauyin 1.05, ya ɗan fi ruwa. Mai mikron 2 na sauka mikron 0.13 a daƙiƙa, mai mikron 3 kusan 0.3, cikin minti ɗaya ko biyu ya bar inda tarko ke aiki. Maganinsa sukari: giram 12 cikin giram 88 na ruwan gishirin aiki (haɗinsa na nan gaba), a tace da matacin sirinji mai mikron 0.2. Ƙwallaye sun daina sauka. Illarsa ita ce ruwan ya ƙara kauri kusan rabi, lanƙwasar haskensa ta hau 1.35, dole a rage gudun faranti.

23 ga Fabrairu

Ƙwallaye masu shafi sun iso cikin kula da ƙanƙara: streptavidin a kan masu mikron 2, biotin a kan masu mikron 3, don a bambance su da ido. Ajiyarsu tsakanin digiri 2 da 8, kuma daskarewa na lalata su. Suna tsakiyar firigo cikin gwangwani, kewaye da gorunan ruwa da ke riƙe sanyi idan wuta ta tafi.

Streptavidin furotin ne daga wata ƙwayar bakteriya ta ƙasa, yana da aljihu huɗu, kowanne na kama biotin ɗaya, wato bitamin B7. Kamun na cikin mafi ƙarfi da aka sani tsakanin furotin da ƙaramin molekul, in ya kama sai a ce ya kama ke nan.

Ruwan aiki a lita ɗaya: NaCl giram 8, KCl 0.2, Na2HPO4 1.44, KH2PO4 0.24, pH 7.4. Gishirin ba ado ba ne. A ruwa zalla ƙwallayen na ɗauke da caji iri ɗaya, suna korar juna tun daga nesa. A wannan gishiri korar ba ta kai nanomita ɗaya ba, molekul na iya taɓa juna. Amma kuma shi ke sa komai ya manne a gilashi, don haka akwai tsari.

A wanke ƙwallayen a kawar da ruwan ajiyarsu. A zuba na streptavidin cikin ɗakin ruwa, ba sukari, a kife lam minti 20, su sauka kan lamel su manne. A wanke da mikrolita 50 na ruwan aiki mai BSA (wani furotin na jinin shanu), miligiram 1 a mililita, ana ɗiga ta baki ɗaya ana tsotsa da takardar tace ta ɗayan. A bari minti 10 BSA ya rufe sauran gilashin. Sannan a shigar da na biotin cikin ruwan sukari, a tsinke su sosai, ƙwallo ɗaya ko biyu a faɗin allo. In sun yi yawa, na biyu zai faɗo cikin tarko ana tsakiyar aiki. A toshe.

2 ga Maris

Ɗauri bai kama ba a lam ɗin da aka rufe gilashinsu da madarar gari maimakon BSA. A wasu ayyukan ɗakin gwaji madara na yin wannan aiki, kuma ga ta a kowane shago, amma madara na ɗauke da biotin nata. Shi ya cike aljihun streptavidin kafin ƙwallo ya iso. Duk pipet da kwalbar da suka taɓa madara, har na gwajin Disamba, an ware su. BSA ma a nemi wanda aka rubuta ba ya da biotin.

15 ga Maris

Da BSA, ya kama. Aikin yanzu bayan tarawihi ake yi, gari ya ɗan yi shiru.

Yadda ake yi: a kama na biotin a mA 152, a ɗago shi har tsakiyarsa ta yi daidai da na streptavidin da ke manne, a matso da faranti taku-taku. Idan sun haɗu, za a ga na cikin tarko ya ɗan goce daga tsakiya, kamar rubu'in mikron. A tsaya nan daƙiƙa 10, sannan a ja baya a hankali. In ɗauri ya kama, ƙwallo zai bi faranti ya fice daga tarko, ya rage yana lilo a jikin ɗan'uwansa. In bai kama ba, zai zauna cikin tarko.

Mannewa kaɗai ba hujja ba ce, roba da roba na iya mannewa cikin gishiri. Shi ya sa aka yi lam na shaida, wanda aka fara jiƙa streptavidin ɗinsa da biotin zalla don a toshe aljihun. A can mannewa ba ta kai ɗaya cikin goma ba, kuma yawancinta na saki da an ja. A lam na gaske kusan kowace taɓawa na kamawa, pikonyuton shida ba ya raba su, domin ba ɗauri ɗaya ba ne ke wurin haɗuwar, da yawa ne. Ƙara Tween 20, wani irin sabulun ɗakin gwaji, kashi 0.05 cikin ɗari, ya ƙara rage mannewar banza.

An jera na biotin uku kewaye da na streptavidin ɗaya. Na ukun ya yi wuya, saboda tarko na jan maƙwabcinsa da ya riga ya ɗaure, yana juya shi ya tare hanya. A shigo ta gefen da ya fi nisa da sauran.

6 ga Afrilu

Zafi ya shigo, ɗaki na kai digiri 39 da la'asar, kuma duk lambobin Janairu sun tashi daga aiki. Diyod na fara leza a wajen mA 80 yanzu, saitin mA 83 ya zama kusan banza, kuma haskensa na tsalle yayin da yake ɗumama. Man objektif an auna shi ne a digiri 23, lanƙwasarsa na raguwa kusan 0.0004 a kowane digiri, ga shi ya tsinke yana gangarowa daga lamel. Ruwa ma ya sauko zuwa 0.66 mPa·s, wanda ya manta da wannan zai ga ƙwallo na jure gudu ya zaci tarko ya ƙara ƙarfi. Cakuɗin basilin da kyandir na laushi, an mai da shi kashi biyu kyandir.

An ɗaura gidan diyod kan farantin Peltier TEC1-12706, mai sanyayawa da wutar lantarki, da ƙarfen shan zafi na kwamfuta a bayansa, da tamista mai kilo-om 10 a cikin rami kusa da diyod. Ana riƙe shi a digiri 27 da amfiya ɗaya da rabi. Fankar ƙarfen na girgiza falale, sai aka rataye ta daga bango tana hurowa ba tare da ta taɓa komai ba. Yanzu iska a bushe take, babu raɓa, amma da damina sai an ɗaga saitin sama ko a rufe gidan da silika, kada ruwa ya kwanta a tagar diyod. Awon ƙarfi an mayar da shi bayan asuba, kuma kowane awo ana rubuta zafin faranti a gefensa.

20 ga Afrilu

Da tarko ɗaya, dole ƙwallo guda ya kasance manne a gilashi. Don a ɗaura sarƙa a tsakiyar ruwa ana buƙatar biyu. Hasken diyod na kaɗawa ta fuska ɗaya, don haka idan aka juya gidansa digiri 45, kube mai raba haske bisa kaɗawa zai tsaga shi biyu daidai. Kowane reshe ya bi madubinsa, kube na biyu ya mayar da su hanya ɗaya. Kaɗawarsu ta saɓa, ba za su yi wa juna zane ba.

Madubin da zai motsa tarko na biyu yana da wurin zamansa. Dole lens ya kafa hotonsa daidai kan ramin objektif, in ba haka ba zaren zai zame daga ramin da an juya shi. Ramin na milimita 210 bayan lens mai 60, lissafi ya ba da milimita 84 gaban lens, kuma kube na biyu dole ya shiga cikin wannan tazara. Juya madubin rabin digiri na kai tarko mikron 10.

Kuben da ke kan keken DVD sun yi ƙanana, suna yanke zaren milimita 4 ta dogon gefe. An yi odar masu milimita 10 guda biyu. Kowane tarko zai sami ƙasa da pikonyuton 3, don haka kafin su iso za a gwada wani diyod a mA 184 da rezista mai om 6.8, a kan Peltier, a bar shi yana ci awa shida ana duba fotodiyod kowane rabin awa.